Jirginmu zai tsaya Kazabulanka yini guda, Baba kuma yana son Fas

Maman Ikilima, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya biya wa Baba da Inna kuɗin shiga babban jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, ni ce zan raka su saboda gwiwar Baba. A takardar da aka turo, jirgin zai tsaya Kazabulanka ta Maroko ranar Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Tun da Baba ya ji sunan Maroko bai da zance sai Fas, yana son ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Shekara da shekaru yana wannan buri, kuma ba na son in zama ni ce na hana shi. Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mini gaskiya: za mu iya zuwa mu dawo kafin jirgi ya tashi? In ba zai yiwu ba, ina zan kai su?

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi karatu a Maroko, kuma gaskiya ita ce Fas ba za ta yiwu ba. Nisanta ya kusa kilomita 300, ya fi daga Maraɗi zuwa Damagaram, jirgin ƙasa kuma kusan awa huɗu yake ci. Zuwa da dawowa kawai sun cinye yinin. Ga shi zawiyar Shehu tana can cikin tsohon gari, lunguna ne da mota ba ta shiga, sai a ƙafa. Jirgin ruwan kuma ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara.

Amma ku gode wa Allah da abin ya faɗo ranar Juma'a. Ki kai su Masallacin Hassan na Biyu. Ba shi da nisa da tashar jiragen, ƴan mintoci ne a taksi. An buɗe shi a 1993, wani sashensa a kan teku aka gina shi, hasumiyarsa ta kai mita 200. Cikinsa yana ɗaukar mutum 25,000, farfajiyar kuma 80,000, rufin ma buɗewa yake yi. Masu yawon kallo sai sun sayi tikiti an zagaya da su, ku kuwa masallata ne, lokacin salla shiga kawai za ku yi. Mata suna da nasu wuri a sama. Abin da na tabbata zai sanyaya wa Baba rai shi ne ƙira'ar: Warshu suke karantawa, irin wadda ya koya a allo, kuma Malikawa ne kamar mu. Ku je da wuri don ya samu wurin zama, farfajiyar tana da faɗi sosai, mai ciwon gwiwa sai a hankali.

Hajiya mai atamfa:
Ƴar uwa, ki riƙe yuro, kada ki dogara da sefa, ki canza kaɗan zuwa dirhami a gari. Dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne. Ƙananan taksin can jajaye ne, mutum uku kawai suke ɗauka, ku ukun kun yi daidai. Ki ce direba ya kunna kwantar, wato na'urar lissafin kuɗin tafiya, tun kafin mota ta tashi. Da safe ki fara kai Inna unguwar Habus, can ake samun jallabiya da takalman fata da zaitun kala-kala, kuma ba a matsa wa mutum kamar tsohuwar kasuwar bakin tasha. Ki yi sayayyar kafin salla, shaguna da yawa rufewa suke. Bayan an sauko ku nemi kuskus, abincin Juma'arsu ke nan.

Maman Ikilima, unguwar Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba amsar Ɗan Bagalam gaba ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko da gaske Warshu limamin zai karanta. Na yi magana da ƙanena kan a shirya masa tafiyar Fas daban, ta jirgin sama, ya kwana biyu can. Saura tambaya ɗaya: daga inda jirgi ke tsayawa zuwa ƙofar fita, ana iya takawa?

Ɗan Bagalam:
Tashar babba ce ƙwarai, kada ki bar Baba ya taka. Tun daren Alhamis ki tambayi ma'aikatan jirgin motar da ke kai fasinja bakin ƙofa, ki kuma roƙi keken marasa lafiya. Ki rubuta lokacin da suka ce kowa ya dawo, yakan riga lokacin tashi, kuma da agogon jirgi za ki yi aiki. Ki gaida mini Baba, ya sa mu a addu'a.