Wutar taya ta ƙi mutuwa a dashbod ɗin motata, me zan yi?

Malama daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Camry ƙirar 2010, 'yar Amurka ce da aka shigo da ita ta Kwatano. Tun da na canza tayoyin gaba wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, zanen taya ce da alamar motsin rai a tsakiya. Idan na tada mota sai ta yi ta ƙiftawa kamar na minti ɗaya, daga nan ta tsaya cak. Mai faci ya auna ya ce iska lafiya lau. Wani mai gyaran waya kuma ya ce in kawo ya liƙe mata baƙin salatif in huta. Kullum ina bin hanyar Kaduna da yara a baya, hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani a ba ni shawara.

Direban Kano zuwa Jos:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina kada ki wahalar da kanki. Rabin motocin da ke tasharmu da wannan wutar suke yawo. Ki riƙa sa wa ana duba miki iska kafin tafiya, shi ke nan.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:
Malama, abin da kika faɗa na ƙiftawa shi ne amsar tambayarki. Wutar nan magana biyu take yi. In ta kama ta tsaya tun farko ba ƙiftawa, wata taya ce iskarta ta yi ƙasa. In kuwa ta yi ƙiftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, to na'urar lura da iskar taya ce kanta take cewa ba ta jin ɗaya daga cikin sensocinta. Irin motarki kowace ƙafa tana da ɗan sensa a cikin rim, manne da bakin da ake ɗura iska, yana auna iskar yana aika wa kwamfutar mota. Tunda daga canjin taya abin ya fara, abu biyu nake zargi: ko ƙarfen da mai faci ya ɓanɓare taya da shi ya fasa sensan, ko kuma ya cire shi ya sa miki bakin roba na gama-gari. Wannan muna ganinsa kullum, kuma yawanci ba mugunta ba ce, bai san amfanin abin ba ne. Akwai kuma batun batir. A rufe yake cikin sensan, ba a canza shi, yana yin shekara 5 zuwa 10. Motar 2010 in har na asali ne a jikinta, sun ci lokacinsu. Ki je inda suke da na'urar gwada sensa, ƙafa-ƙafa za a bi a gane wanda ya mutu ba sai an kwance taya ba. In an sa sabo dole a shigar da lambarsa cikin kwamfutar motar, in ba haka ba wutar ba za ta mutu ba. Sannan ki tabbatar sensan na motocin Amurka ne, na irin motarki a zangon rediyo na 315 MHz yake aika saƙo, na Turai a 433, ba sa jin juna.

Injiniya a Kaduna:
Yaya direba, ka yi haƙuri, ban goyi bayanka ba. Ba don ado aka sa wannan wutar ba. A shekarar 2000 aka janye miliyoyin tayoyin Firestone a Amurka bayan haɗurran Ford Explorer da suka ci rayuka da dama, majalisarsu ta yi doka a wannan shekarar, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar. Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, ta ɗau zafi, a kan kwalta mai zafi da gudu sai ta fashe. Duban safe ba zai gaya miki ƙusa ta shiga a Jaji ba, wutar ce za ta gaya miki. Muddin tana kunne saboda mataccen sensa, wannan ƙafar ba mai lura da ita. Salatif kam kada ki yarda.

Maman 'Yan Biyu:
'Yar uwa, ki sayi gejin auna iska naki na kanki ki ajiye a mota. Da yawan masu faci 40 ko 45 suke bugawa, wasu ma da bugun hannu suke aunawa. Ki buɗe ƙofar direba, akwai takarda a jikin ginshiƙi da ta rubuta iskar da motarki ke so. Lambar da ke jikin taya iyakar da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:
Gaskiyar Maman 'Yan Biyu. Ko na'urar na aiki, sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100 take kunna wuta, wato mai 32 sai ta sauko wajen 24. Kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya. Ga hunturu na tafe, sanyi kaɗai yana rage iska, za ki ga wasu wutarsu ta kama da asuba ta mutu da hantsi.

Malama daga Zariya:
Allah ya saka da alheri. Na je an gwada, na gaba ta dama babu sensa sam, bakin roba ne a ciki. Na baya ɗaya kuma batirinsa ya yi rauni. Malam bakanike, in canza biyun nan kawai, ko huɗun gaba ɗaya tunda sa'annin juna ne?

Bakanike a Ƙofar Ruwa:
In da hali ki canza huɗun, sauran ma suna hanya. In babu, yi biyun yanzu, sauran ki bari sai ranar da za ki canza tayoyin baya, kuma ki tsaya a kan mai faci lokacin da yake kwancewa.