Ɗan jinya ya cakume ni a bakin aiki, ku ya kuke kare kanku?

Sista_Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce a sashen gaggawa, shekaranjiya ina dutin dare wani ya kawo mahaifinsa, mu kuma muna kan wani yaro da ya yi hatsari jini na ta zuba, nace masa ya ɗan jira, kafin in juya ya cakumi wuyan rigata ya haɗa ni da bango, har yanzu kafaɗata ciwo take. Mai gadi ɗaya ne shi ma yana can bakin get. Da safe na kai ƙara aka ce in yi haƙuri wai hankalinsa ne a tashe. Wlh na gaji da wannan haƙurin. Dan Allah a asibitocinku me ake yi?

Likitan_Yara:
Wa alaikumussalam, sannu sista Allah ya ƙara sauƙi. Kar ki yarda a kashe maganar da fatar baki, ki rubuta rahoto, rana da lokaci da waɗanda suka gani, ki riƙe kwafi ɗaya a hannunki, a duba kafaɗar nan ma a rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya ana kai musu hannu a tsawon aikinsu, zagi da barazana kam sun fi haka yawa, kuma da yawa ba a kai rahoto saboda mun ɗauka wani ɓangare ne na aikin. In babu komai a rubuce shugabanni cewa za su yi basu san da matsala ba.

Abu_Hanan:
Ni ba ma'aikaci bane, na yi jinyar mahaifiyata wata biyu. Duka dai babu uzuri ko kaɗan, wanda ya taɓa ki ya yi laifi. Amma ku gane abin da yake tunzura mutane, zaka zauna awa uku da mara lafiya yana nishi a cinyarka ba wanda ya kalle ka, kana gani an shigar da wanda ya zo bayanka. Sai daga baya wata nas ta zaunar dani tace a gaggawa ba layi ake bi ba, wanda ransa ya fi shiga haɗari shi ake fara gani. Wlh minti biyu bata yi ba zuciyata ta sauka. Da za a sa mutum ɗaya aikinsa kenan, zagayawa yana faɗa wa 'yan jinya inda ake ciki, da an rage rigima sosai.

Sista_Dare:
Gaskiya ne malam, amma mu biyu ne akan gado kusan ashirin, wa zai fita yin bayanin?

Matron_Mai_Ritaya:
Shi yasa nake cewa nauyin yana wuyan hukumar asibiti 'yata. Ku haɗu ta ƙungiyarku ku nemi ƙarin ma'aikata da dare, mai gadi a CIKIN sashen, ƙararrawar neman ɗauki a ƙarƙashin tebur, ɗan jinya ɗaya ga kowane gado. A Ingila tun 2018 akwai doka ta musamman akan wanda ya daki ma'aikacin gaggawa, yanzu har ɗaurin shekara 2 ake iya yi masa. Kafin nan kuma in kika ga mutum ya fara ɗaga murya yana kai da komo, ki sassauta murya, ki ja baya kaɗan, kar ki bari ya shiga tsakaninki da ƙofa, kuma kar ki taɓa sanar da rasuwa ke kaɗai a ɗaki.

Sista_Dare:
Nagode sosai Mama. Gobe insha Allah zan rubuta rahoton, abokiyar dutina tace zata sa hannu a matsayin shaida.