Wane irin mazari ne wannan siririn da ke bakin kududdufinmu?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Bayan gidanmu akwai kududdufin da aka haƙa ƙasar bulo, damina ta cika shi har kainuwa ta rufe gefe guda. Jiya da hantsi 'yata ta ja ni wai in zo in ga "jaririn mazari". Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa bai kai ashana ba. Ƙirjinsa kore-kore, bayansa baƙi, can kusa da ƙarshen jela kuma ɗigon shuɗi kamar an ɗiga masa fenti. Da ya sauka a kan ciyawa sai ya haɗe fukafukansa a baya, ba kamar mazarin da na sani ba mai baza su. Kusa da shi akwai wani mai ruwan goro. Na ce mata jariri ne, ta ce to ina uwarsa? Na rasa ta cewa. Ku fitar da ni kunya.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka koma ka gyara wa yarinya magana, ba jariri ba ne. Da zarar mazari ya yi fukafukai ya gama girma ke nan. Ƙuruciyarsa a cikin ruwa yake yin ta, yana farautar tsutsar sauro da makamantansu. Mu duka mazari muke ce musu, amma gida biyu ne. Babban mazari galibi idanunsa sun haɗe a saman kai, yana kuma gudu kamar an harba kibiya. Siririn kuwa idanunsa a rabe suke, ɗaya nan ɗaya can, tashinsa a sanyaye, ba ya nisa da ciyawa.

Yadda ka kwatanta shi, na fi zaton Ischnura senegalensis ne. Tun 1842 masana suka fara bayyana shi a rubuce, kuma yana nan daga Afirka har Japan. Ba ya ƙyamar ruwan da ya ɗan gurɓata, shi ya sa kusan kowane kududdufi za ka same shi. Jikinsa daga ƙugu zuwa jela gaɓa 10 ne. Ka ƙirga, idan shuɗin a gaɓa ta 8 ya fi cika, shi ne.

Mai Kifi Haɗejia:
Malam, na yarda da kai a kan na farko. Mai ruwan goron nan kuwa ina ganin wani iri ne daban. A bakin tafkin kifina suna da yawa, jikinsu gaba ɗaya ja-ja kamar an tauna goro an tofa, idanu kore. Ɗan'uwana da ke karatu a Zariya ya ce Ceriagrion glabrum ne. Ni dai abin da ya dame ni 'ya'yansu, kada su riƙa cinye mini ƙananan tarwaɗa.

Malamin Bayoloji:
Mai Kifi, zai iya zama naka, amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Macen senegalensis tun tana sabuwar fita ƙirjinta ruwan goro ne, daga baya ya dushe. Ni kaina na shekara ina lissafa ta a matsayin wani iri, sai ran da na ga namiji mai shuɗin jela ya riƙe ta a wuya suna tashi tare. Bambancin yana jela. Idan saman jelar baƙi ne, macen ce. Idan ruwan goro ne tun daga kai har ƙarshe, Ceriagrion ne namiji.

Batun kifi, ɗan siririn mazari za ka gane shi da wasu abubuwa uku kamar ganye a ƙarshen jela, da su yake numfashi. Wanda ya fi yi wa masu ƙyanƙyasa ɓarna shi ne ɗan babban mazari, gajere mai kauri. Ka rufe wurin reno da gidan sauro don kada iyayen su sa ƙwai.

Uwar Biyu:
Ƙarin bayani kaɗan: kada a dogara da haɗe fukafukai kawai. Akwai dangin Lestes, su ma sirara ne amma fukafukansu rabi a buɗe suke barin su, kuma suna son ruwan da ke ƙafewa da rani. Baban Amira, ka je da sassafe kafin rana ta ɗumama su, lokacin ba sa saurin tashi. Ka ɗauki hoto ta gefe da ta sama, ka sa a iNaturalist, manhajar da ake taimaka wa juna gane halittu. Ba sa harbi, sai dai a hana yara kama su ta fiffike.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai. Bayan asuba muka je da Amira, raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando. Hoto 14 na ɗauka, 2 kacal suka fito, sauran duk kainuwa wayar ta kama. Mun ƙirga gaɓoɓin a kan waya, shuɗin a ta 8 yake. Mai ruwan goron kuma saman jelarta baƙi ne, Mai Kifi ka yi haƙuri. Yanzu Amira ta tsaya sai na nemo mata mai ganye uku a jela, har ta ɗauko rariyar mamanta.