Zanen bango a tsohuwar unguwa: ado ne ko ɓarna?

Malamin Tarihi: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Zane a bangon tsohuwar unguwa ɓarna ne, komai kyawunsa. Bangon da ya shekara ɗari biyu a tsaye shi kansa abin kallo ne: irin yaɓensa, tsagewarsa, inda aka toshe tsohuwar ƙofa. In an rufe duk wannan da hoton yara a kan keke, me aka bar wa na baya?

Mai Zane: Malam, tunda ka ambaci yaran keke, mu tsaya a kansu. A George Town ne, tsibirin Penang na Malesiya, garin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A 2012 Ernest Zacharevic, ɗan Lituwaniya, ya zana yara biyu a wani bango, ya kafa keke na gaske a jikin zanen. Yau layi ake yi don ɗaukar hoto a wurin. Tsofaffin gidaje da dama an gyara su, sun zama masauki da shaguna.

Malamin Tarihi: Ai layin nan shi ke damuna, ƙanwata. Gida ya zama masaukin baƙi, to wanda aka haifa a cikinsa ina ya koma?

Hajiya: Malam, a nan ba ka yi wa zanen adalci ba. Dokar ƙayyade kuɗin haya a can ta daina aiki tun farkon shekarar 2000, shekara 12 kafin a zana yaran. Tun lokacin talakawa suka fara tattara kayansu. Na yarda tururuwar baƙi ta ƙara rura wutar, amma ba buroshi ne ya kunna ta ba.

Baba Magini: Ku bari in sa baki, don duk kuna maganar ido ne, ni kuwa jikin bangon nake ji. Tsohon gini, na ƙasa ne ko na bulo da farar ƙasa, numfashi yake yi. Yana shan danshi daga tushe, rana ta fito ya fitar da shi ta jikin yaɓe. Da ka shafa masa fentin roba ko na mai, ka toshe masa hanci. Ruwan ba shi da mafita, sai ya taru a baya tare da gishirin da ya jawo daga ƙasa. Da farko za ka ga fentin ya kumbura, daga nan yaɓen ya fara zubowa kamar gari. Na taɓa ɓamɓare irin wannan da hannuna, na tarar da bayan fentin jiƙe sharkaf alhali ana tsakiyar rani, raina ya ɓaci ƙwarai. Fentin feshi a kan dutse mai shan ruwa kuwa ya fi muni, domin shiga yake cikin ramukan dutsen. Wurin goge shi sai an kankare fuskar dutsen, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Mai Zane: Baba, wannan ban musa ba, kuma da yawa cikinmu ba su san shi ba. Amma dubi Asilah a Maroko. Tun 1978 suke bikin al'adu, wanda Mohamed Benaissa da mai zane Mohamed Melehi suka assasa. Ana zana bangon gidajen tsohon garin, in shekara ta zagayo a shafe da fari a sake sabo. Gyara da share garin ma tare da bikin suka taso.

Malamin Tarihi: Kin kawo misalin da ya fi ƙarfi, na yarda. Sai dai ki lura, ganuwar da 'yan Fotugal suka gina a ƙarni na 15 ba ita ake zanawa ba. Su ma sun san akwai bangon da ba a taɓawa. Sannan Melehi ɗan garin ne. Ki kwatanta da ƙauyen Erriadh a tsibirin Jerba na Tunisiya, inda a 2014 aka kawo masu zane kusan 150 daga ƙasashe 30. Baƙo ya yi kwana kaɗan ya tafi, mai unguwa shi zai tashi da hoton kowace safiya.

Hajiya: Da izinin masu gidajen aka yi, Malam.

Malamin Tarihi: Mai gida yana cikin gidansa, Hajiya. Maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon bangon shi ya fi ganinsa. An tambaye shi?

Mai Zane: Wannan tambayar ta tsaya mini, domin ni ma mai gida kaɗai nake tambaya. Baba, in bango na farar ƙasa ne kuma unguwa ta yarda, da me zan yi zanen?

Baba Magini: Da ruwan farar ƙasa, 'yata, ki dama launin ƙasa a ciki. Ki jiƙa bangon tukuna, ki shafa siriri-siriri, kada ki yi da rana tsaka. Ba zai yi ƙyalli ba, kuma damina biyu ko uku za su ci shi. In kin ga gishiri ya yi fari a gindin bango, ki bar shi sai an gyara magudanar ruwa.

Malamin Tarihi: A bangon gida zan iya haƙura da wannan. A ganuwa da ƙofar gari kuwa, ko da farar ƙasa ne ban yarda ba.