Wane hoto zan sa a shafina na neman aiki?

Mai neman aiki: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka mini da shawara. Wata huɗu ke nan ina tura takardun neman aiki, shiru kake ji. Jiya na tsaya na ƙare wa hoton da ke shafina na LinkedIn (dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki) kallo, sai na tuna daga hoton taro na yanko shi, har kafaɗar abokina ta fito a gefe. Waya kawai gare ni. Za ta ba ni hoton kirki, ko dole sai na je situdiyo?

Mai ɗaukar hoto: Wa alaikumus salam ƙanena. Wayarka ta isa, haske za ka nema. Ka tsaya kana fuskantar taga da hantsi ko da la'asar, ka kashe fitilar ɗaki, domin launin haskenta daban ne da na rana, in suka haɗu sai fatarka ta fito kala biyu. Kada ka bar tagar a bayanka, fuskarka za ta yi duhu. Kada kuma ka fita da rana tsaka, hasken daga sama yake saukowa, ya cika maka ƙasan ido da inuwa kamar wanda bai yi barci ba. In a waje za ka ɗauka, ka shiga inuwar gini. Gindin bishiya yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Wata 'yar zaure: Kafin komai ka goge idon kyamarar da tsumma mai laushi. Sau da yawa hoton da muke cewa waya ce ta lalata, maiƙon yatsa ne kawai.

Mai neman aiki: Na gode Yaya. To in ɗauka da kaina da kyamarar gaba?

Mai ɗaukar hoto: A'a, wannan kam ban yarda ba. Hannunka ba zai kai wayar nesa ba, kuma duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke ƙara girma, shi ya sa hanci ke kumbura, kunnuwa su janye baya. Ka ba wani ya riƙe maka, ya tsaya kamar mita 2 daga gare ka, ya yi amfani da kyamarar baya, ya danna 2x, wato maɓallin jawo hoto kusa ninki biyu, in wayar tana da shi. In ba kowa a gida, ka jingina ta a kan littattafai, ka sa ta jira daƙiƙa 10. Tsayinta ya zo daidai da idonka. Sai abin da na fi so ka riƙe, tunda ba kasafai ake faɗa wa masu duhun fata ba: waya tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. In ka sa farar riga ka tsaya gaban farin bango, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskarka ta nutse. Mai ɗaukar ya taɓa fuskarka a jikin allo, ya ja 'yar alamar rana da za ta fito a allon sama kaɗan don ƙara haske. Bango mai ruwan toka ya fi, ka kuma matso gaba taku biyu kada inuwarka ta manne a jikinsa.

Malama mai tantance ma'aikata: Bari in sa baki daga ɓangaren masu duba takardu. Ɗana, hoton ba shi zai ba ka aiki ba, amma shi muke fara gani, kuma a ɗan ƙaramin da'ira muke ganinsa, wani lokaci bai fi farce ba. Hoton da ka fito tun daga kai har ƙafa, a wurinmu ɗigo ne. Daga ƙirji zuwa sama ya isa, fuska ta ci kamar kashi 60 cikin 100. LinkedIn yana son ya kai fiksil (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 400 tsawo, 400 faɗi, nauyinsa kada ya wuce MB 8. Ka bar fili a gefe, don da'irar tana cinye kusurwoyi. Tufafi kuwa, abin da za ka sa ranar ganawa shi za ka sa.

Wani ɗan zaure: Ni a ganina duk wannan wahala ce. Akwai manhajojin da za ka ba su hotonka su mayar da kai cikin kwat a ofis, fata sumul.

Malama mai tantance ma'aikata: Malam, ban ba shi wannan shawarar ba. Na taɓa buɗe ganawa ta bidiyo na kasa gane wanda ke gabana, har sai da na sake tambayar sunansa. Yaron yana da ilimi, amma minti biyar ɗin farko a kan kokwanto suka tafi, abin ya dame ni har yau. Gyaran haske ba laifi. Sauya launin fata da kankare tabo su ne ba na so. Ku duba ma, wasu wayoyin suna zuwa da gyaran fuska a kunne, sai ka kashe da kanka.

Wata 'yar zaure: Anti, murmushi fa? Ni gani nake ɗaure fuska ya fi nuna mutum da gaske yake.

Malama mai tantance ma'aikata: Ɗaure fuska na fasfo ne, 'yata. Ba sai haƙora sun fito ba, fara'a kawai, ido a kan kyamara.

Mai ɗaukar hoto: Ba ta samuwa a ɗauka ɗaya. Ku yi hira da mai ɗaukar, ya yi ta dannawa har 30, a ciki za ka sami biyu. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da gilashin kada taga ta fito a ciki. In a wayar wani aka ɗauka, ya turo maka ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa kyau.

Mai neman aiki: Allah ya saka da alheri. In sa shi a kan CV ma?

Malama mai tantance ma'aikata: Ya danganta da inda za ka tura. A Amurka da Ingila ba a sa hoto a CV, saboda gudun nuna bambanci. A Jamus kuwa an saba sa shi. In sanarwar aikin ba ta nema ba, ni dai bar shi nake cewa a yi.

Mai neman aiki: To Malama. Gobe da hantsi in Allah ya kai mu zan ɗauka, in turo guda uku nan ku zaɓa mini.