Wa ke tambayar miji da mata a ɗakin jinya?

Nas, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 11 ina wannan aiki. Majiyyacin da likita ya ce sai dai addu'a, nakan tambaye shi ciwo da barci da bayan gida, amma zamansa da iyalinsa ban taɓa tambaya ba. Kunya ce, abin da Fulani ke kira semteende. Sai ranar da wata mai sankarar bakin mahaifa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, wata uku Malam bai zauna bakin gadona ba." Da na same shi, ashe tsoron fama mata ciwo yake yi, kuma an ce masa cutar ana ɗauka. Na ce masa, "Baba, sankara ba a ɗaukarta." Warin mikin nata ma mun rage shi da garin maganin Flagyl bisa umarnin likita. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Wata uwa, Marwa: Ni ce shaida, ƙanwata. Maigidana ya yi kwana 40 a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Daga asuba har isha'i ɗakin cike da 'yan dubiya, da dare ƙannensa maza ke kwana. Allah ya saka musu, amma ni kunu kawai nake miƙawa in fita. Ba kwanciyar aure nake nema ba, ina ƙarfin yake? In shafa masa mai a ƙafa, mu yafi juna ba kunnen kowa. Ban samu ba. Har yau abin na ci na.

Magidanci, Njamena: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ni maganin sankarar mafitsara ne ya kashe mini sha'awa, uwargida ta ɗauka na guje ta. Wata biyar tana kuka a ɓoye, don ba wanda ya yi mana bayani.

Malamin islamiyya, Ngaundere: Manzon Allah (SAW) a ɗakin Nana A'isha ya cika, kansa na jingine a ƙirjinta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, miji ko mata su aka fi gabatarwa wajen wankan gawar juna. To ina dalilin raba su tun da rai?

Nas, Garwa: Hajiya, kin sa ni hawaye. Yanzu nakan keɓe majiyyaci in ce, "Kuna samun zama ku biyu kuwa?" In ya sunkuyar da kai, bayan la'asar sai in sallami 'yan dubiya na awa guda, in ja labule, in zauna a bakin ƙofa.