Mac ko Windows, wacce ke kunna faifan Blu-ray?

Ɗan_Sabongari: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Zan sayi laptop kuma ina da faya-fayen Blu-ray da yayana ya turo min daga Amurka, shin Mac zan ɗauka ko Windows, ko dai in haƙura in riƙa sauke fim kawai?

Injiniya_Zariya: Wa alaikumus salam. Malam in faifai kake so cire Mac a lissafi, Apple ba su taɓa sa mata wurin Blu-ray ba, tun 2008 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya nuna ba ya so saboda rikicin lasisi, su so suka yi ka sayi fim a iTunes, shagonsu na intanet. Windows ɗin ma ba ta kunnawa da kanta fa, sai ka nemi na'urar faifai ta USB ka haɗa da manhajar kunna faifai irin PowerDVD, VLC kuwa ba ya buɗe masu kullen hana kwafi na AACS haka kawai.

Maman_Hanan: Ɗan uwa kada ka yar da su wallahi. Faifai ɗaya 25GB ne ko 50GB, wanda kake saukewa 2GB an matse shi sosai, ka kalli wurin da aka ɗauka da dare za ka ga baƙin ya yi dabbare-dabbare, sautin ma ba ɗaya ba.

Injiniya_Zariya: Gaskiya ne Hajiya. Amma ya duba bayan kwalin tukuna, na Amurka yankin A ne mu Afirka muna B tare da Turai, wasu a kulle suke, sai na'urar yankinsu ke kunna su. Faya-fayen 4K kuwa Intel sun cire SGX, fasahar tsaron da ake buƙata don kunna su a kwamfuta, a sababbin firosesa, don haka PowerDVD ba zai kunna su ba, sai dai wata na'ura irin ta wasan PS5 mai wurin faifai.